Gudumar Baba Rufus

Abin da na bugi Joanna da shi katifa ce. Ina so a fara sanin wannan, domin yadda labarin ya zaga Kafanchan sai ka ɗauka taɓarya na rarumo. Soson buga tulu ne, guntun katifa da aka ɗinke da fata, wanda ko jariri ka buga wa dariya zai yi. Sau uku na sauke mata shi a ka, wannan ban musa ba. Abin da ya ɓata lamarin shi ne makirfo yana kunne, kuma duk abin da na faɗa a kan hannunta da kunnenta da kakarta ya fita ta lasifika huɗu, a gaban matan majami'u goma sha tara da suka taru a Fadan Kagoma.

Sunana Hulda, amma an fi sanina da Maman Hephzibah. Citta nake sayarwa a kasuwa. Shekara goma sha huɗu ni ce mai bayar da waƙa a Zumuntar Matan majami'armu: ni nake jan baiti, mata arba'in su amsa, Joanna kuma tana riƙe mana lokaci da tulu. A taron shekara na bana mun shiga fili da sabon anko, na ja waƙa, da muka kai baiti na uku na waiwaya sai na tarar ni ina gabas, matan layin baya suna yamma. Waƙa ta watse a hannuna. Wasu mata suka rufe baki da bakin zani suna dariya. Ni kuwa sai na juya kan mai tulu.

Dattawan ikilisiya bakwai suka zauna a kaina. Mijina Gershon shi ne sakatarensu. Ya ɗaga hannu tare da sauran, ya dawo gida ya tambaya ko akwai sauran tuwon acca. Ranar Lahadi shi ya tashi ya karanta sanarwar, da muryar da yake karanta batun gyaran rufin makewayi: an sa 'yar'uwa Hulda Gershon ƙarƙashin horo na wata shida.

Horo a wurinmu ba kora ba ce. Kowace Lahadi za ka zo sujada, amma a bencin ƙarshe za ka zauna, dab da ƙofa. Ba ka cin Jibin Ubangiji, ba ka sa anko, ba ka waƙa a gaba. Wanda kuma mutuwa ta riska a kan bencin nan, ba a shigar da gawarsa majami'a, ba a yi masa waƙa a bakin kabari. Fasto zai yi gajeriyar addu'a a rufe rami. Wannan na ƙarshen ko saurarensa ban yi ba a lokacin, don ban yi shirin mutuwa cikin wata shida ba.

Na tarar da mutum ɗaya a bencin. Baba Rufus, tsohon ma'aikacin reluwe, siriri, da tsohuwar kwat da wata doguwar guduma mai siririyar ƙota da yake dogarawa a madadin sanda. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a wurin, har mun daina ganinsa, yadda ake daina ganin kalandar bara a bango. Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Wancan gefen yana da ƙusa."

Na zauna a kan ƙusar, don ba ranar da nake son shawara ba ce.

Roseline aka ba wa jan waƙa a madadina. Mutuniyar kirki ce, Allah ya sani, amma muryarta ba ta wuce benci na biyar. Ina zaune ina kallon bayan kawunansu, ina kallon ankon da ni na zaɓi kalarsa, zuciyata tana tafasa. Na yi kuka Lahadin farko, na yi na biyu, kuma ba kukan tuba ba ne, na haushi ne. Ga tsohon nan a gefena, da zarar an fara waƙa sai ya ɗora yatsa biyu a kan benci ya shiga ƙwanƙwasawa, tak, tak-tak, tak, har a gama.

Lahadi ta uku na kasa haƙuri. "Baba, don Allah ka bar bencin nan ya huta."

"Lokaci nake riƙe musu."

"Suna jin ka ne daga nan?"

"A'a," in ji shi, ya ci gaba da abinsa.

Sai a ta huɗu ya yi mini magana da kansa. Ana cikin waƙar baiko, wadda ake yi lokacin tara sadaka, idonsa a rufe, ya ce, "Tulun nan ya tsage."

"Wane tulu?"

"Na Joanna. Shekara biyu ke nan. A ƙarƙashin wuya, ina tsammani ta gefen hagu."

Na ce masa tulun nan ni na sayo shi da hannuna, ni nake ganinsa kowace Alhamis a wurin koyon waƙa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ya bar ni na gama. Sannan ya gaya mini irin aikin da ya yi shekara talatin da ɗaya a tashar jirgi. In jirgi ya tsaya, shi ne zai bi shi daga kai har wutsiya da gudumar nan, ya bugi kowace ƙafa sau ɗaya, ya saurara. Ƙafa mai lafiya tana jan amo. Wadda ta tsage sai ta ce tak, ta yi shiru, ko da fentinta yana sheƙi. Ya ce ido ba ya cikin aikin sam, har ya fi son yin sa yana kallon wani wuri.

"Yanzu ki saurara daga nan," in ji shi. "Kina jin tulu?"

Na saurara. Shekara goma sha huɗu ban taɓa jin Zumunta daga baya ba. Kullum ina gaba, tulu yana dab da ƙafata. Ina ganin hannun Joanna yana hawa yana sauka, amma abin da yake isowa bencinmu bai fi ƙarar wanda yake kaɗe tabarma a gidan maƙwabta ba.

"Matan layin baya ba sa jin sa," in ji Baba. "Bakin na gabansu suke bi. Ke kuma kina sauri."

"Ni?"

"Ke. Baiti na uku, kullum."

Kai! Da ba a cikin majami'a muke ba, kuma da ba tsoho ba ne, da an ƙara mini wata shida a ranar. Na haɗiye, na ce, "To me ya hana ka faɗa tun shekara biyu?"

"Wanda yake bencin nan ba ya ba da shawara a kan kayan majami'a. Yana cikin doka. Mijinki ne ya karanta ta."

Da aka tashi na bi Joanna ɗakin ajiya, inda take naɗe tulu da tsohon zani. Tun Fadan Kagoma ba mu yi magana ba, in ban da haƙurin da aka sa na ba ta a gaban dattawa, wanda ni da ita mun san bai wuce leɓe ba. Tana ganina ta mayar da soson bayanta. Na ce ba faɗa ya kawo ni ba, ta ara mini wayarta. Na kunna fitilar wayar na zura cikin tulu, muka rufe ƙofa. Ga haske nan yana fitowa ta wani siririn layi kamar gashi, a ƙarƙashin wuya, ta gefen hagu.

Mun daɗe muna kallonsa. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko ranar da aka karanta sunana.

"Joanna, ki yafe mini. Hannunki lafiyarsa lau."

"Kunnena fa?"

"Shi ma."

"Kakata fa?"

"Ban ma san ta ba."

Ta yi ƙoƙari ta ci gaba da ɗaure fuska, abin ya gagara. Muka yi ta dariya a cikin ɗakin ajiya har mai gadi ya leƙo ya ga ko wani abu ya sake faruwa.

Shugabar Zumunta ta yarda a sayi sabon tulu, kuma ba ta tambayi wanda zai zaɓa ba. Ranar kasuwa ni da Joanna muka ɗauki Baba a keke napep, mu uku da guduma. Mai tukwane tana hango tsoho ya nufo kayanta da guduma ta miƙe tana ihu, sai da na rantse mata cewa ƙotar kawai zai yi amfani da ita. Ya juya gudumar, ya shiga bin tuluna ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan taɓa cikin kowanne da bakin ƙota, ya karkata kai yana kallon masu lodin doya. Tulu ashirin da uku ya taɓa. Na nuna masa wani ja mai kyau mai zane a wuya, ya ce wannan na ajiye wa baƙi ruwa ne. Wanda ya zaɓa baƙi ne, wuta ta ci gefe ɗaya, bakinsa ma a ɗan karkace.

"Baba, wannan ai ko a bayan gida ba zan ajiye shi ba."

"Ba kallonsa za a yi ba," in ji shi. "Joanna, buga."

Ta ɗora soso a bakinsa sau ɗaya. Na ji abin a cikina kafin in ji shi a kunne. Mai keken da yake jiranmu can bakin titi ya waiwayo.

Daga nan Baba ya fara zuwa rumfata. Kowace Talata da Juma'a da hantsi zai zo ya zauna a kan buhun citta, ya jingina guduma, ya sha kunu. Joanna tana ɗinki a layin bayanmu, in aiki ya yi sauƙi sai ta leƙo. Ba mai yawan magana ba ne. Yakan gaya mana wace mota ce za ta lalace a cikin masu wucewa, kuma sau biyu maganarsa ta tabbata kafin motar ta kai kwana. A nan na tambaye shi abin da ya kai shi bencin, don ni abin da na sani kawai shi ne an ce ya yi kiɗan arna.

Ya ce yana da wa, Kumai, a ƙauyensu da ke gaba da Nok. Shi ya yi noma, Rufus ya yi makaranta. Kumai bai taɓa shiga majami'a ba har ya mutu, a kan hanyar kakanni ya tsaya. Da aka zo binne shi, tsofaffin da suka rage suka nemi mai buga gangar rakiya, babu: waɗanda suka iya duk sun mutu, sai Rufus, wanda ya koya tun yana yaro. Ya ɗauka ya buga wa wansa har aka rufe rami. Kafin ya dawo Kafanchan labari ya riga shi.

"Sun ce in tashi in ce na tuba, shi ke nan a maido ni. Na ce su ba ni lokaci in duba. Na duba cikina ban sami tuban ba. Da na samu da na faɗa."

"Shekara goma sha ɗaya, Baba?"

"Kowace shekara suna kira na. Fastoci huɗu ke nan. Mutanen kirki ne, suna ba ni shayi. Ina dubawa kuma, ba wai ba na dubawa ba."

Ni kam na ce na tuba tun kafin in tuba, a cikin minti ɗaya, ina hararar Joanna.

A wata na huɗu ya ce yana da waƙa. Guda ɗaya tak, a kan bencin nan ya haɗa ta, kuma bai taɓa rera wa kowa ba domin muryarsa irin ta ƙofar kwano ce. Gaskiya ya faɗa. Sai ya riƙa faɗin kalmomin yana ƙwanƙwasa ƙotar guduma, ni ina nemo muryar, Joanna tana bugun bakin bokiti da tafin hannu.

Mai guduma, ga ni a tasha,
Buga ka ji.
Fentin waje mutane ke gani,
Buga ka ji.
In da tsaga, kai ka san wurinta,
Buga ka ji.
Kada ka cire ni daga layin gida,
Buga ka ji.

Na ce ta yi gajarta. Ya ce jirgi ba ya daɗewa a tasha. Na rera, ya ce na yi sauri. Na sake, ya ce na yi sauri. Sati uku muna abu ɗaya, masu sayen citta suna tsaye suna jira, wasu har suna amsawa. Ranar da na rera ta daidai sai kawai ya ɗauke yatsunsa daga ƙota ya ɗora a gwiwa. Ni kuma hawaye suka zubo mini, na ce ƙurar citta ce. Ba citta ba ce. Na ƙaunaci tsohon nan, kuma waƙar ta taɓa ni a inda waƙoƙin da na yi shekara goma sha huɗu ina ja ba su taɓa ba.

"In sun maido ki," in ji shi, "ki rera ta a gaba. Ki ce ke kika yi, kada sunana ya ɓata ta."

"Zan ce kai ka yi."

"To ki ce. Amma abu ɗaya. Ƙafafuna suna kumbura, likita ya fara yi mini magana a hankali. In abin ya zo kina kan benci, kada ki rera ta a bisona, ranar binne ni. Na san ki. Za su ƙara miki."

"Wa ya ce maka zan ma je?"

"Yauwa," in ji shi. "Haka nake so."

Kada wani ya ɗauka na saba da bencin har na daina son komawa gaba. Ina! Kwanaki nake ƙirgawa. Waƙa a gaban mata arba'in ita ce abu ɗaya da na iya a duniya wanda ba kowa ya iya ba, kuma ba na jin ni mutum ce sosai sai lokacin da na ja baiti suka amsa. Tun saura sati biyu na fito da anko na wanke na goge, na rataye a bayan ƙofa. Roseline da kanta ta zo rumfa ta ce in dawo don Allah, maƙogwaronta ya gaji. Gershon ya nuna mini takardar sanarwar maido ni, an riga an buga, sai karantawa ranar Lahadi ta ƙarshen Agusta.

Baba Rufus ya rasu ranar Talatar wannan makon, da safe, a kan kujera, bayan ya sha shayi. 'Yarsa ce ta zo rumfa ta gaya mini, don ta ce ta san nan zai zo da ya tashi. Na rufe rumfa na tafi gida na zauna ina kallon anko a bayan ƙofa.

Aka sa biso ranar Juma'a a ƙauyensu. Dattawa suka ba da sanarwa: mata za su iya zuwa ta'aziyya da taimakon girki, amma ba anko, ba kayan kiɗa, ba waƙa. Ranar Alhamis muna cin abinci Gershon ya ajiye cokali.

"Maman Hephzibah, kwana uku ya rage miki. Ki je ki yi gaisuwa ki dawo. Baki a rufe."

"Na ji."

"Ba 'na ji' nake nema ba."

"Shi da kansa ya hana ni. Ka ci abincinka."

Kuma da gaske nake. Na yi niyyar in je in tsaya in dawo.

Mu goma sha takwas muka cika bas. Joanna ta zo a ƙarshe, rungume da baƙin tulun nan, an ɗaure bakinsa da leda da tsumma. Wani dattijon ikilisiya da yake tsaye a ƙofar mota ya tare ta.

"Mene ne wannan?"

"Kunu ne, Baba."

Ya sa ta kwance. Kunun zaƙi ne har wuya, da sanyinsa. Ya sha kofi ɗaya, ya ce citta ta ji, ya matsa mata ta shiga.

Hanyar bayan Nok duk taɓo ce a watan Agusta, sau biyu muka sauka muka tura. Muna isa muka tarar fasto da Gershon sun riga mu, Joanna kuwa ta shiga bin mutane da kofi. Ban taɓa ganin mace tana tura wa jama'a kunu da irin wannan naci ba. Wanda ya sha ɗaya sai ta ce ya ƙara, masu haƙan kabari ta ba su uku-uku, har fasto sai da ya sha biyu. Na gani, ban tambaye ta komai ba.

Kabarin yana bayan gida, a bakin gonar masara, kusa da na Kumai. 'Yarsa ta ɗora gudumar a kan akwati aka saukar da su tare. Fasto ya yi addu'a, ba ta kai minti biyu ba. Idonsa ya yi ja, na gani, amma doka ba shi kaɗai ya yi ta ba. Muka ce amin. Samari suka ɗauki shebur.

Ban taɓa zuwa bison da ba waƙa ba. Ashe waƙar nan da muke yi ita take hana mu jin ƙarar ƙasa a kan katako. Ranar na ji ta. Shebur ɗaya, dum, shiru. Wani, dum, shiru. Mutum wajen ɗari a tsaye, ba abin da ake ji sai wannan da kukan wata akuya. Na tuna anko a bayan ƙofa. Na tuna takardar da aka riga aka buga. Na kalli Gershon, yana kallon takalminsa. Na ce wa kaina kwana biyu ya rage, Hulda, kwana biyu, shi ma ya ce kada ki yi. Sai wani abu ya taso mini, kuma ba tsarki ba ne, tsohon haushina ne. Mutumin nan ya yi shekara goma sha ɗaya yana riƙe wa majami'a lokaci da yatsa biyu ba wanda ya ji, yanzu kuma za a rufe shi kamar ana cike ramin shara.

Na buɗe baki. "Mai guduma, ga ni a tasha."

Ba wanda ya amsa. Wanda bai taɓa jan waƙa ba ba zai san wannan ba: ka jefa baiti a tsakiyar jama'a ya faɗi ƙasa, kowa yana kallonka. Roseline ta kama bakin zanina tana ja. Amma an riga an ji ni, ko na yi shiru yanzu wata shidan ya tabbata, don haka na sake.

"Mai guduma, ga ni a tasha."

Sai na ji shi a cikina kafin in ji a kunne. Joanna tana zaune a kan dutse, tulu tsakanin gwiwoyinta, babu ɗigon kunu a ciki. Soso kayan kiɗa ne, an hana, don haka silifas ɗinta ta cire take bugawa da shi. Ita kaɗai ta amsa, da muryarta ta tela: "Buga ka ji."

Matan Zumunta kuwa ba a yi su don su ji amshi sau biyu su yi shiru a na uku ba. Roseline ce ta fara, hannunta har yanzu yana riƙe da zanina. Sauran suka biyo. Matan ƙauye suka ɗauka, tsofaffin da suka san Kumai suka ɗauka, samari masu shebur suka koma zuba ƙasa a kan bugun tulu. Fasto ya rufe ido ya tsaya a haka, kuma wanda idonsa yake rufe ba ya ganin abin da zai hana. Waƙar baiti huɗu ce, mun yi ta sau goma sha wani abu har rami ya cika. Na hango Gershon ya fito da ɗan littafinsa yana rubuta sunaye, yadda aikinsa ya ce. Leɓensa yana motsi daidai wurin amshi.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida har muka wuce Nok. Sai Joanna ta ce silifas ɗinta ya tsinke, wa yake da allura.

Ranar Lahadi Gershon ya tashi da sabuwar takarda. 'Yar'uwa Hulda Gershon, ƙarin wata shida. 'Yar'uwa Joanna Levi, wata uku. Sauran mata goma sha shida an yi musu gargaɗi, domin kwamiti ya kasa tantance wadda ta amsa waƙa da wadda kuka kawai take yi. Ya ninke takardar ya zauna. Da safen nan na sauke anko daga bayan ƙofa na mayar akwati, kuma ya yi mini zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Taron shekara mai zuwa ma ba ni a ciki.

Joanna ta taho daga gaba da jakarta, ta bi ta tsakiyar majami'a har bencin ƙarshe, ta tsaya tana neman inda za ta zauna.

"Wancan gefen yana da ƙusa," na ce.

Ta zauna a tsakiya. Ni na matsa zuwa ƙarshe, wurin Baba. Roseline ta tashi ta ja waƙar baiko, ba tulu, don ba a sami mai bugawa ba tukuna. Na ɗora hannu a kan benci haka kawai, sai yatsuna suka faɗa wasu wurare biyu inda fenti ya goge, katako ya yi santsi ya ɗan lotsa, daidai faɗin kan yatsa. Ban taɓa lura da su ba, don kullum hannunsa yana kai. Na daidaita yatsuna a cikinsu. Sannan na fara, tak, tak-tak, tak. Ba mai ji daga gaba.

Muna baiti na uku Joanna ta karkato ba tare da ta kalle ni ba.

"Maman Hephzibah."

"Mm?"

"Kina sauri."

Na rage.